Na'urar gano kifi: abin da nake faɗa wa mai saye kafin ya fidda kuɗi

Shagona a Katsina da batura da sola ya fara. Masuntan Ajiwa da na Zobe, da wasu daga Sabke ta wajen Daura, su ke zuwa sayen fitila da batir, har wata rana aka fara tambayata ko zan iya samo na'urar nan mai nuna kifi a allo. Haka na shiga harkar: ina yo odarsu, in ɗaura a jikin kwalekwale, in zauna da mutum har hannunsa ya faɗa.

Na'urar ba ganin kifi take yi ba, saurare take yi. Akwai kunnenta da ake nutsarwa cikin ruwa, shi ke harba sauti zuwa ƙasa ya jira amsa. Sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa guda cikin ruwa, da wannan lissafi take sanin zurfi. Jakar iskar da ke cikin kifi ita ta fi dawo da amsa, shi ya sa garken karfasa a tsakiyar ruwa yake fitowa ɓaro-ɓaro, amma tarwada da ke kwance cikin laka takan saje da ƙasan. Wanda ya saya don tarwada kaɗai, nakan ce masa ya rage buri. Ramin da take kwanciya zai gani, ita kanta ba kullum ba.

Faɗin sautin shi ne abin da masu saye ba su cika tambaya ba, alhali a ruwanmu yana da muhimmanci ƙwarai. A kilohaz 200 (kilohaz shi ne ma'aunin saurin kaɗawar sauti) sautin kan fita a tsuke, wajen digiri 20, wato a zurfin mita 6 faɗin da'irar da na'ura ke ji wajen mita 2 ne kawai. A kilohaz 83 yakan buɗe zuwa wajen digiri 60, faɗin da'irar ya kai zurfin ruwan ko ya ɗan fi. Madatsunmu ba teku ba ne, don haka mai kilohaz 50 da ƙarfin wuta na kai wa ɗaruruwan mita asarar kuɗi ce. A nemi mai haɗa tsukakke da buɗaɗɗe, in da hali mai fasahar CHIRP, wato mai harba sauti a kilohaz daban-daban a jere, don ta fi raba kifi da kututture.

Inda na fi tsayawa da mutane shi ne taswira. Wani dattijo mai jiragen haya ya zo da hoton wata babbar na'ura a wayarsa, irin mai cin katin taswira na Navionics, ya ce ita yake so ko nawa ce. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, katin nan don masu shiga teku da manyan tafkunan da aka auna aka yi shi. Ka sa a buɗe maka Zobe a ciki kafin ka biya, in ka ga layukan zurfi, saya." Bai gani ba. Abin da ke mana aiki shi ne GPS mai ajiye alama, da na'urar da ke zana taswirarta da kanta yayin da kake tuƙi. Kowane kamfani da sunan da yake kiran wannan fasaha: Garmin na da Quickdraw Contours a cikin na'urarsa Striker Vivid, Lowrance na da Genesis Live a Hook Reveal, Humminbird kuma AutoChart Live. Ka yi ta kai da komo a hankali bisa ruwan, allon ya riƙa cika da layuka, sai ga tsohon kwarin kogin Karaduwa da ruwa ya rufe tun da aka kammala madatsar Zobe a 1983. Ka sa alama a kan kowane kututturen da ya taɓa yaga maka koma. Da asuba cikin hazon hunturu, lokacin da ba a hango gaɓa, layin da ka bi shi zai mai da kai mashiga. Wannan kaɗai, a ganina, ya biya kuɗinta. Sai dai a riƙa tuna cewa taswirar da aka zana a ƙarshen damina za ta nuna zurfin da babu shi a watan Afrilu, dole a gyara ma'aunin in ruwa ya ja.

Allo mai inci 4 ko 5 ya wadatar, muddin ana iya karanta shi cikin tsakar rana, kuma jikinsa na da shaidar IPX7 ta jure ruwa. Batir mai bolt 12 irin ƙaramin nan na sola yana riƙe ƙaramar na'ura yini guda. Nakan sa shi cikin akwatin roba, da fis a kan wayar.

Ɗaurin kunne kuwa ba na barin wa yaran shago su kaɗai. Sauti ba ya ratsa katako yadda ya kamata, saboda haka a kwalekwalen katako dole kunnen ya kasance cikin ruwa, fuskarsa na kallon ƙasa daidai, nesa da kumfar farfela in akwai inji. Muna ƙera masa sandar ƙarfe mai maƙalewa a gefe, wadda za a ɗaga idan an zo gaɓa. Yawancin na'urorin da ake dawo mini da su a ce sun lalace, kunnen ne ya karkace ko laka ta toshe fuskarsa.

Wanda kuma sana'arsa jefa birgi ce a bakin gaɓa, inda ruwa bai wuce ƙirji ba, nakan ce masa, "Baba, riƙe kuɗinka, ka ƙara raga ka sayi rigar ruwa." Wasu sukan ji haushi su tafi wani shagon, wasu kuma su dawo da ɗan'uwansu mai jirgin inji.