Ruwa a ƙasa, tumatir a sama, kada ki juya

Kwana huɗu da haihuwar autana, cikin watan Janairu, aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Da na leƙa sai ga maƙwabciyarmu, wata dattijiya Baturiya, tsaye cikin dusar ƙanƙara, ta rungumo faffaɗan kwanon tangaran naɗe da tawul. Lokacin shekararmu biyu a Brooklyn Park, arewa da birnin Miniyapolis, kuma ban da ɗaga hannu daga nesa babu abin da ke haɗa mu da ita. Tun kafin in buɗe baki ta ce in kwantar da hankalina, sai da ta je shagon 'yan Somaliya ta sayo naman halal kafin ta ɗora girkin. Na karɓi kwanon, zafinsa yana ratsa tawul, na rasa abin da zan ce mata. Ina nesa da Zariya, Umma ba ta samu zuwa ba tukuna, kuma rabona da abinci mai zafi wanda ba maigida ne ya haɗa shi a gurguje ba tun ranar da aka sallamo ni daga asibiti.

Abin da ke cikin kwanon shi ne niƙaƙƙen naman sa, da koren wake, da masara, duk an haɗe su da wata farar miya mai kauri, sannan an jera ƙananan dunƙulen dankalin Turawa a sama an gasa har sun yi ja. Sauran Amurkawa kasarol suke ce wa irin wannan abinci, kalmar Faransanci ce da asalinta sunan tukunyar ne, amma mutanen jihar Minisota nasu sunan hotdish. Tsohon abinci ne a wurinsu: an samu girkinsa a rubuce tun 1930 cikin littafin girki na matan wata coci a garin Mankato. Da kamfanin Campbell's ya fito da miyar gwangwani ta laimar kwaɗi a 1934, sai ta zama ita ce mahaɗin, dunƙulen dankalin kuwa, Tater Tots, kamfanin Ore-Ida ne ya ƙirƙiro su a farkon shekarun 1950. Shi ake kai wa gidan haihuwa, da gidan rasuwa, da taron coci. Ni dai da na ɗanɗana sai na ce wannan ai dafa-dukarsu ce.

Yara suka so shi sosai, na koya. Sai dai gashin oben yana cin kusan awa guda bayan an gama soye-soye, ni kuma da na koma aiki ƙarfe biyar da rabi nake shigowa gida. A watan Disamba rana tana faɗuwa a nan wajen huɗu da rabi, wato ina iso gida Magariba ta daɗe da wucewa, yara sun cika ciki da biskit, kowa ya kama gabansa. Abin ya dame ni ƙwarai, domin a gidanmu na taso ana zama a ci tare, kuma ina ganin wannan yana zame mini a hannu.

Tukunyar matsin tururi ta lantarki ce ta fitar da ni. Tawa Instant Pot ce mai cin lita 5.7, wadda wani injiniya mai suna Robert Wang da abokansa suka ƙera a Ottawa ta Kanada, ta shiga kasuwa a 2010. Dabarar kanta ta tsufa, tun 1679 wani Bafaranshe, Denis Papin, ya nuna ta. A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa ba ya wuce zafin digiri 100, komai wutar da kika hura. Idan aka rufe ruf tururi ya rasa hanyar fita, matsi ya taru, sai zafin ya haura zuwa wajen 115 ko fiye kaɗan, abinci ya nuna cikin ɗan lokaci.

Abin da ya ɗauke ni watanni kafin in gane, kuma dalilin wannan rubutu ke nan: wannan tukunya ba oben ba ce. Oben busar da abinci yake yi, yana ƙafar da ruwa, ya soya sama. Ita kuwa tukunyar da tururi take aiki, in babu ruwa mai tsinkewa a gindinta tururi ba zai taso ba. Farkon gwajina na zuba komai yadda nake yi wa kwanon gashi, na juye miya mai kauri, na gauraya da kyau, na rufe. Minti goma ba a yi ba ta fara ƙara, ta rubuta Burn, wato ƙonewa, a fuskarta, ta tsayar da wuta. Da na buɗe, ƙasa ya kama, sama ɗanye. Akwai na'urar auna zafi a ƙarƙashinta, da zarar wani abu mai kauri ya manne a gindi zafi ya wuce ƙima, sai ta ɗauka abinci yana ƙonewa.

Maganin shi ne jeri. Ruwa ko romo a ƙasa, sai nama, sai shinkafa ko makaroni, sai abu mai kauri irin tumatir a can sama, a bar shi a zaune. Kada ki juya. Wannan shi ya fi yi mini wuya, domin hannun da ya saba da muciya da ludayi ba ya son ganin tumatir a ɗore kan shinkafa bai motsa shi ba. Madara da cuku kuwa ba sa shiga sai an buɗe murfi, in ba haka ba madarar ta tsinke ta yi gudaji.

Wanda muka fi ci shi ne na makaroni da niƙaƙƙen nama, kusan kowace Talata. Nakan danna maɓallin suya, in zuba mai cokali biyu, in soya albasa babba guda har ta yi laushi, sannan nama giram 450, wato fam ɗaya a awon nan. In ya canja launi sai tafarnuwa, citta, kori, dunƙule biyu, da attaruhu ɗaya da na jajjaga. Daga nan sai matakin da bai kamata a tsallake ba: ki zuba kofi ɗaya na romo, ki sa cokalin katako ki kankare gindin tukunyar tas, har ki ji cokalin yana zamewa babu abin da ke riƙe shi. Duk ɗan abin da kika bari a manne shi zai jawo miki ƙarar nan. Sai ki ƙara romo kofi uku, ki kashe maɓallin suya, ki watsa makaroni giram 450, ki danna shi da bayan cokali ya nutse. Markaɗaɗɗen tumatir da tattasai kofi ɗaya da rabi a sama. Ki rufe, ki tabbatar makullin tururi yana rufe, ki sa minti 4.

Yadda nake lissafin minti shi ne in duba abin da aka rubuta a jikin ledar makaronin, in raba biyu, in rage minti ɗaya. In an rubuta 10, to 4 ke nan. In lokaci ya cika nakan saki tururin kaɗan-kaɗan, in buɗe in rufe, domin ruwan makaroni yana kumfa, in kika sake shi gaba ɗaya zai feso miki har jikin kabad. Da kin buɗe za ki ga kamar ruwa ya yi yawa, kada ki damu. Yanzu ne za ki juya, ki zuba gurzajjen cuku kofi ɗaya ko biyu, ki mayar da murfi minti biyar, zai haɗe jikinsa.

A nan ya kamata in faɗi gaskiya kan lokaci, domin masu tallar girki suna cewa abincin minti huɗu, mutum ya saya ya ji an yaudare shi. Tukunyar tana ɗaukar minti 10 zuwa 15 kafin matsi ya taru, sannan ta fara ƙirga naki mintocin. In kin haɗa da suya, abin ya kai minti 35 zuwa 40. Ribar ita ce daga lokacin da kika rufe murfi hannunki ya fita. A cikin wannan tsakanin nake sallah, in duba aikin makarantar babbar 'yata, in sauya kaya. Babu abin da zai tafaso ya zube, babu wanda zai tsaya gadi.

Na biyu shi ne kaza da shinkafa. Cinyar kaza marar ƙashi nake sa wa, an yayyanka, domin ƙirji yana bushewa. Bayan suya da kankare gindi, romo kofi biyu, shinkafa basmati kofi biyu da aka wanke har ruwanta ya yi fari tas, karas a sama. Ruwa daidai da shinkafa, domin babu abin da ke ƙafewa. Minti 5, sannan a ƙyale ta ta huce da kanta minti 10 kafin a saki sauran tururin. Maimakon miyar gwangwani, wadda ta kaza ba na saya saboda ba yankan halal ba ne, nakan dama fulawa cokali biyu a cikin kofin madara, in dafa a ƙaramar tukunya ta yi kauri, in juye bayan an buɗe tare da koren fis na firiza. Zafin shinkafar ya isa ya nunar da fis ɗin. Kuma ina sa daddawa, rabin ƙwaya, a daka ta a zuba cikin romon tun farko. Farar miyar nan ita kaɗai lami take yi mini a baki, daddawa ce ke tashe ta.

Akwai wata baƙar shinkafa doguwa da ke tsirowa a tafkunan Minisota, wadda ƙabilar Ojibwe suke girba cikin kwalekwale tun kaka da kakanni, suna kiranta manoomin. A kan murhu tana kusan awa guda kafin ta fashe, a tukunyar kuwa wajen minti 30. Tana da tsada, sai ranar da muke da baƙi.

Shi kuwa hotdish na dankali da ya fara jawo ni cikin harkar, ra'ayina shi ne kada a wahalar da kai a ce sai an gama shi a tukunyar. Na gwada sau uku, dankalin yana jiƙewa ya zama kamar fate. Abin da nake yi yanzu, ina shigowa in watsa dankalin a faranti in tura oben, naman da kayan lambun su dahu a tukunya, in an gama in juye a kwano in jera dankalin a kai. Aiki biyu ne, amma ƙamas-ƙamas ɗin nan shi ne daɗin abincin, bai kamata a rasa shi ba.

Da Umma ta zo daga baya ta yi mana wata uku, kwana biyu tana kallon tukunyar daga bakin ƙofar kicin, saboda ta taɓa ganin irin ta kan risho ta yi tsalle da murfi. Na nuna mata cewa wannan murfinta ba ya buɗuwa muddin akwai matsi a ciki, akwai ɗan ƙarfe da ke tasowa ya kulle shi. Na nuna mata layukan da ke jikin tukunyar ta ciki: ba a wuce kashi biyu cikin uku, in kuwa wake ne ko shinkafa masu kumbura, rabi. Ta ci shinkafar, ta yaba, sannan ta leƙa gindin tukunya ta ce, "Ke 'yar nan, ina ƙanzon?" Na ce, "Umma, ai ba ta yarda a yi ƙanzo, da ya fara kamawa take kashe wuta." Ta girgiza kai ta ce to an rage wa yara rabonsu. Ta yi gaskiya. Nasu kasarol ɗin ƙanzonsa a sama yake, namu a ƙasa, tukunyar nan kuwa ba ta ba da ko ɗaya. Shi ya sa ranar Asabar nake komawa tsohuwar tukunyata in yi dafa-duka a kan wuta, in bar ta ta kama, yara su yi rububin kankara.

Ƙanwata ta ce in aiko mata da irinta Zariya, na hana. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Najeriya 230, in ta jona kai tsaye ta ƙone. Gara ta nemi wadda aka yi don wutar can, kuma ta sani tana jan wat 1,000, ƙaramin janareta ba zai ji daɗinta ba. Abu ɗaya kuma da na gaya mata: robar murfin tana riƙe ƙamshi, in kin yi farfesun kayan ciki yau, gobe shinkafarki za ta ba da labari. Roba biyu nake da su, ɗaya ta nama, ɗaya ta sauran abubuwa.

Kwanon dattijiyar nan na mayar mata da shi tun a lokacin, cike da cincin, domin ba a mayar da kwano wofi. Bara da aka yi mata aikin gwiwa na je na aro shi. Na yi kaza da shinkafa, na rage attaruhu zuwa kwata, na juye a kwanon nata, na barbaɗa cuku na tura ƙarƙashin wutar saman oben minti uku ya yi ja, na naɗe da tawul, babbar 'yata ta riƙe mini ƙofa muka tsallaka. Washegari da safe ta kira ni a waya, ta ce ta cinye rabi, kuma akwai wani ƙamshi a ciki da ta kasa gane ko na mene ne. Na ce mata sunansa daddawa, daga 'ya'yan wata bishiya ake yin ta, ɗorawa, kuma in ta warke ta zo kicin ɗina in nuna mata.