Haruffa biyu da suka riƙe mini fam dubu

A watan Yulin bara na bar gidan kula da tsofaffi inda na yi shekara biyu ina aiki a nan Ingila, na koma wani wurin da albashinsa ya fi tsoka. Amma abin da ke faɗowa asusuna a ƙarshen wata bai kai yadda na lissafa ba. Na ɗauka kuɗin fansho ne ake cira, na yi shiru. Wata biyar ina rage abin da nake aika wa mahaifiyata, ina ba ta haƙuri a waya, ni kaina ban san dalili ba.

Wata abokiyar aikina ce ta karɓi takardar albashina a watan Nuwamba, ta ɗora yatsa a kan wani ɗan gurbi da ban taɓa kula da shi ba. An rubuta BR. Ta buɗe tata, ita kuma 1257L.

Wannan ita ce lambar haraji, da ita HMRC, hukumar haraji ta Birtaniya, ke shaida wa mai biyanka albashi nawa zai cire. 1257L na nufin fam 12,570 na farko da ka samu a shekara ba a taɓa su. BR kuwa na nufin a cire kashi 20 cikin ɗari daga kowane fam, tun daga na farko, domin an ɗauka kana da wani aikin da ya riga ya cinye maka wancan rangwamen. Bambancin ya kai fam 209 da rabi duk wata. A wata biyar, fam 1,047 ke nan da 'yan kai.

Da na bi sawun abin, sai na ga inda aka samu tangarɗa. Tsohon wurin aikina ya yi jinkirin ba ni takardar P45, wadda ke nuna abin da na samu da harajin da na biya zuwa ranar da na bari. Da babu ita, sabon wurin ya ba ni fom na sababbin ma'aikata, mai zaɓi uku, A da B da C. A makon nan ina ƙarasa kwanakina na ƙarshe a tsohon wurin, don haka na zaɓi C, wato ina da wani aiki. Gaskiya na faɗa a ranar, amma bayan mako guda maganar ta tashi, lambar kuma ta zauna daram.

Gyaran bai kai rabin awa ba. Na shiga manhajar HMRC a wayata, na tarar har yanzu tsohon aikin na nan a rubuce kamar ban bari ba, rangwamen nawa kuma yana rataye a can. Na sa ranar da na bar shi. Bayan 'yan kwanaki sabuwar lamba ta fito, albashin Disamba ya zo da kuɗin gaba ɗaya a ciki, saboda shekarar haraji ba ta ƙare ba. Tana farawa ne 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilun shekara mai zuwa. Da ta wuce, sai dai in jira P800, wasiƙar da HMRC ke aikowa in an biya haraji fiye ko ƙasa da ƙima, ko in nema da kaina, kuma shekara huɗu kacal doka ta ba mutum ya waiwayi kuɗinsa.

Abin da ke damuna shi ne yawan 'yan'uwanmu da ke haɗa aiki biyu ko uku, ko suke yi ta hannun kamfanonin ɗaukar ma'aikata, ba su taɓa duba gurbin nan ba. Wasu har sukan sa wa dillalai hannu a takarda, a karɓo musu kuɗin a yanki kaso mai yawa, alhali neman kyauta ne. Ga kuma 'yan damfara masu turo saƙon tes cewa kana bin HMRC bashi, ka aiko da lambar asusunka. HMRC ba ta neman bayanan banki ta saƙon waya.

Ranar da kuɗin suka shigo na cika wa Inna abin da na rage mata na wata biyar, sannan na ce wa ƙanina da ke aiki a Manchester ya ɗauko hoton takardar albashinsa ya turo mini. Tasa ta ƙare da M1, lambar wucin gadi ce, muna kan gyara ta yanzu.