Abin da direban caja ya koya mini kafin in ajiye aiki

Duk wanda ya zauna a sashenmu bara ya san labarin na'urorin POS ɗin da aka yi ta dawo mana da su kwali-kwali, don haka ba sai na maimaita yadda ofis ya hargitse ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ainihin abin da ya lalace a cikinsu, da dalilin da ya sa gyaran da bai wuce matsar da 'yan layukan kod ba ya ci mana watanni. Ƙarshen watan nan zan miƙa kayan aiki, kuma bayanin da aka yi wa manya a taro ba haka abin ya faru ba.

Ƙorafin wakilai, wato masu sana'a da na'urorinmu na POS, iri ɗaya ne. Batir ya ƙare da dare, mutum ya bar na'ura jone da caja yana jiran wuta. Wuta ta dawo, na'ura ta kunna kanta, tambari ya fito, sai ta mutu ta sake tashi. Ta yi ta wannan zagaye, wani lokacin kuma ta wartsake kamar ba ita ba. In an kawo ta ɗakin gwaji aka jona ta a wutar kan tebur, wadda ba ta gezau daga bolt 5, sai ta tashi lafiya lau. A rubuta wa takarda "ba a ga matsala ba", a mayar wa mai ita.

Shugaban sashenmu ya yanke hukunci tun a makon farko: batiran ne ba su da kyau. Da aka canza batira matsalar ta ci gaba, sai laifin ya koma kan wakilai da cajojinsu na bakin titi. Kod ɗin da ya zo tare da bod (allon lantarkin cikin na'ura) daga Shenzhen kuwa, a wurinsa ba abin taɓawa ba ne. Hujjarsa kullum ita ce wannan direban, wato kod ɗin da ke sarrafa caja, yana cikin na'urori bila adadin a duniya, ba mu ne za mu fara gano masa aibi ba.

Ga waɗanda ke ɓangaren manhaja ba su taɓa leƙa ƙasa ba, ga yadda abin yake. Tun 2007 kanel na Linux, wato zuciyar manhajar da Android ke gudana a kanta, yake da tsarin da ake kira power_supply, kuma ta nan duk wani direban batir ko na caja yake bayyana kansa. Abin da Android ke nuna maka na kashi nawa ya rage ko caji na shiga, daga /sys/class/power_supply yake karantowa. Aisin caji, wato ɗan guntun lantarkin da ke sarrafa caji, yana magana da furosesa ta layin sadarwa na I2C, sannan yana da wata ƙafa ta daban ta IRQ, wadda yake jan hankalin furosesa da ita. Da zarar an jona caja ko an zare, ko wutar da ke shigowa ta yi ƙasa, sai aisin ya ja wannan ƙafa, kanel ya kira aikin da direba ya tanada don amsawa. Shi kuma wannan aikin kusan ba ya wuce ya karanta rajistar aisi ya kira power_supply_changed, yana miƙa masa manunin (adireshin wani wuri a memori) da aka samu lokacin da direba ya yi rajistar kansa.

A direbanmu, cikin aikin probe, wanda kanel ke kira don tayar da direba, an fara neman IRQ ne tukuna. Bayan nan aka rubuta wa aisi dogon jerin saituka ta I2C, wanda layi ne mai nawa, kilobit 100 a daƙiƙa a saurinsa na asali. Sai can ƙasa aka yi rajistar power_supply. Tsakanin neman IRQ da rajistar, ƙofa a buɗe take, manunin kuma sifili ne, wato bai riga ya nuna ko'ina ba. Idan wuta ta motsa a wannan ɗan taƙin, mai amsa IRQ zai ɗauki sifili ya miƙa, kanel ya faɗi. A ƙasar da wuta take tsaye, da wuya mutum ya zare caja daidai wannan ƙiftawar ido. A wurinmu kuwa dawowar wutar ce take kunna na'urar, kuma duk wanda ya girma a nan ya san yadda wuta take yi in an kawo ta, ko in ana sauyawa daga janareta: ta zo, ta ɗauke, ta sake zuwa. Lokacin da na'urar ke tashi shi ne daidai lokacin da wuta ta fi rawa.

Wannan duk ana ganinsa da ido a cikin fayil ɗin direban, ba sai an kunna komai ba. Na kai wa shugaban sashenmu a rubuce. Ya duba sama-sama ya ce, "Injiniya, ka nuna min ta mutu a kan teburin nan, sai mu yi magana." Na ce, "Yallaɓai, teburin nan ne kaɗai inda ba za ta mutu ba." Bai ji daɗin maganar ba, kuma daga ranar na zama mai gardama a bakinsa.

Na roƙi a kunna ramoops a sigar da ke hannun wakilai, domin kanel ya ajiye kalamansa na ƙarshe a wani ɗan yanki na memori da ke tsira bayan na'ura ta sake tashi. Aka ce ba za a taɓa sigar kasuwa saboda zato ba. To, na ɗauki na'urorin da aka dawo da su, na kunna musu da kaina, na sa ƙaramin rile, wato makunni mai sarrafa kansa, a kan wayar caja yana yanke wuta yana maidowa yayin da suke tashi. Ba a daɗe ba rahoton ya fito, sunan mai amsa IRQ a sama, power_supply_changed a ƙarƙashinsa, adireshi kusa da sifili. Na rubuta faci, wato gyaran kod: a sauko da neman IRQ ƙasa da rajistar power_supply. Iyakar gyaran ke nan.

A nan ne abin da ya fi ƙona min rai ya faru. Oga ya ƙi facin. Ya ce matsar da layuka a probe kasada ce, kamfanin bod zai ce mun taɓa musu kod su janye tallafi. Ya zauna da kansa ya ƙara layi guda a farkon mai amsa IRQ: in manuni sifili ne, a koma. Ya aika sigar, ya sanar da manya cewa an shawo kan matsala.

Na gaya masa a imel, kuma imel ɗin yana nan, cewa wannan rabin ciwon kawai ya rufe. Direban yana amfani da ayyukan devm, waɗanda duk abin da aka nema ta hanyarsu kanel ne ke kwance shi da kansa, kuma yana kwancewa ne daga na ƙarshe zuwa na farko. Abin da aka nema a ƙarshe shi ake fara saki. Tunda an nemi IRQ kafin power_supply, to wajen kwancewa power_supply ne zai fara tafiya alhali IRQ na nan da ransa. Mutum zai ce yaushe ake kwance direban caja a na'urar da ba a cire mata komai? A tamu, kusan kowane tashi. Can ƙarshen probe direban yana neman tashar da ke karanta zafin batir, kuma sau da yawa direban wannan tashar bai riga ya shirya ba. Sai probe ya dawo da -EPROBE_DEFER, kanel ya kwance duk abin da aka ɗaura, ya sake gwadawa daga baya. A cikin wannan kwancewar manunin ba sifili ba ne. Yana nuni ne ga memorin da aka riga aka saki, layin oga kuwa sifili kaɗai yake dubawa.

Abin da ya biyo baya ya fi na farko muni. Da, na'ura tana faɗuwa ne a wuri ɗaya, da suna ɗaya. Yanzu mai amsa IRQ yana rubutu a memorin da wataƙila an riga an ba wani direban, sai faɗuwar ta ɓulla daga baya a inda ba ruwansa: yau a firinta, gobe a sadarwa. Yawan ƙorafi ya ragu, wannan gaskiya ne, amma wanda ya rage ya zama ba kai ba gindi. Tunda sunana ne a kan kula da direbobin wuta, a taron wata-wata aka ce ni ne na kasa rufe matsala. Oga yana zaune a wurin, imel ɗina na cikin akwatinsa, bai ce uffan ba.

KASAN, kayan aikin kanel mai kama taɓa memori ba bisa ƙa'ida ba, shi ne ya raba gardama. Na haɗa kanel da shi a kunne, na mayar da rile, rahoton ya fito da abubuwa uku a jere: inda aka ware memorin, inda aka sake shi, da inda aka taɓa shi bayan saki. Wannan karon ban kai masa shi kaɗai ba, na liƙa a tikitin da kowa ke gani. Cikin mako aka shigar da gyaran. Da na duba tarihin git, inda ake ajiye kowane canjin kod da sunan wanda ya yi shi, facina ne harafi da harafi, har bayanin da na rubuta, amma an narkar da shi cikin wani babban komit, wato ƙunshin canje-canje, mai suna "gyare-gyaren kwanciyar tsari", marubuci shi. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. A takardar auna ƙwazo ta ƙarshen shekara an rubuta min cewa ina jan ƙafa wajen warware matsala kuma ba na karɓar shawara.

Mutane suna raina layukan da ke ƙasan komit. A babban kanel, tun 2004 ba a karɓar faci sai da Signed-off-by, wato sa hannun mai aikowa, kuma akwai Reported-by ga wanda ya kawo rahoto, Suggested-by ga wanda ya ba da dabara, Co-developed-by ga wanda aka rubuta tare, da Fixes da ke nuna komit ɗin da ya haifar da ɓarnar. Wanda ya shigar da facin wani yana ƙara sa hannunsa ne a ƙasa, ba ya goge sunan marubuci. Duk wanda ya leƙa tarihin drivers/power/supply, inda Sebastian Reichel ke kula, zai ga haka. Ba don yabo kaɗai aka yi tsarin ba. Ranar da wani abu ya sake fashewa, wanda ya bi git blame, umarnin da ke nuna wanda ya rubuta kowane layi, yana bukatar ya iske mutumin da ya san dalilin layin. A wurinmu zai iske wanda ya yi watanni yana cewa layin ba shi da amfani. Shawarata ga ƙananan injiniyoyin da suka shigo bayana: ku tura reshenku na git da sunanku kafin ku nuna wa kowa, kuma duk gargaɗin da kuka yi da baki ku bi shi da rubutu a tikiti.

Sauran abin da na koya bai kai wannan ciwo ba. Ma'aunai a power_supply ƙayyadaddu ne: maikrobolt, maikro'amfiya, zafi kuma kashi goma na digiri, wato 450 shi ne digiri 45. Direban da ya miƙa 45 kai tsaye ya gaya wa Android cewa batir na digiri 4.5, kuma kashe na'ura da Android ke yi in zafin batir ya kai digiri 68 ba zai taɓa aiki ba. Cikakken batir na bolt 4.2 lambarsa 4,200,000 ce, lamba mai bit 32 irin mai iya sauka ƙasa da sifili kuma iyakarta 2,147,483,647, don haka ninka shi da abin da ya wuce 511 ya isa ya juya lissafi, a ga batir ya tashi daga kashi 80 ya koma shirme. Charge da energy ba abu ɗaya ba ne, na farko maikro'amfiya-awa, na biyu maikrowat-awa. Aisin caji irin su bq24190 na Texas Instruments suna da mai gadin I2C na daƙiƙa 40: in direba bai taɓa shi ba, misali na'ura ta yi barci, sai aisin ya mayar da saitukan caji na masana'anta a ɓoye. Kuma duk aikin da aka jinkirta da delayed work, a tabbata an soke shi kafin a saki abin da yake taɓawa, don shi ma ɗan gidan su IRQ ne.

Zafi ne kawai zan ɗan tsaya a kai, saboda har yanzu ba a rufe shi ba. Ƙa'idar JEITA, ƙungiyar masana'antun lantarki ta Japan, ta raba cajin batirin litiyam da iyakokin digiri 0, 10, 45 da 60: sama da 45 a sassauta, sama da 60 a daina. Na'urar da ke kan tebur a rumfar kwano a watan Afrilu, tana caji tana buga rasit, ba ta da nisa da 45 tun kafin azahar. Saitukan da suka zo da bod ɗin ba a taɓa gwada su da ma'aunin zafin da ke cikin batiranmu na yanzu ba, wato waɗanda aka sayo lokacin da ake zargin batir. Na nemi a ba ni akwatin gwajin zafi, aka ce babu kasafi, kasafin da ya isa sayen batiran da ba su da laifi.

Ga wanda zai gaje ni: direban ma'aunin batir na sabuwar na'urar da ake shirin fitarwa yana da irin wannan jerin, IRQ a sama, rajista a ƙasa, devm duka biyun. Na buɗe tikiti, facin yana reshe mai sunana, rahoton KASAN na liƙe a ciki. An sa masa alamar "ba na gaggawa ba" tun watan jiya.