Otal ɗin Koronado da kwali: na kai ga jan rufi

'Yan'uwa masu koyon ƙera ƙananan gine-gine, barkanmu da aiki. Bangayen Hotel del Coronado sun tsaya a kan falankina, fentin fari ya bushe, yanzu ina kan jan rufin nan da ya sa ginin ya yi suna.

Ga wanda bai san shi ba, otal ne na katako a bakin tekun Fasifik, kusa da San Diyego a jihar Kalifoniya ta Amurka. Elisha Babcock da Hampton Story suka sa aka gina shi, aka fara aiki a 1887, aka buɗe a Fabrairun 1888 da ɗakuna 399. Wata goma sha ɗaya kacal! Da yawa daga cikin ma'aikatan 'yan Sin ne da aka ɗebo daga San Faransisko.

Babban rufin mai tsini shi ne wuyar aikin. Siffarsa ta jinkar ɗaki ce, sai dai ƙananan tagogi sun leƙo ta jikinsa. Ku yanke kwali zagaye, ku cire yanki guda daga baki zuwa tsakiya, ku haɗa bakunan biyu da gam, ku matse da tsinken shanya har ya kama. Kada ku huda tagogin kafin nan, kwalin zai lanƙwashe inda ba ku so. Ginshiƙan baranda kuwa tsinken tsire ya fi na ashana, don ba ya karyewa a bakin reza. Abin da ya ƙara mini ƙaimi shi ne ɗakin cin abincinsu, Crown Room: silinsa na katako da turaku da gam aka haɗa shi, ba ƙusa ko ɗaya.

Matakalar da ke sauka zuwa rairayi ce ta tsayar da ni. Ranar 24 ga Nuwamban 1892 wata matashiyar mata ta kama ɗaki da sunan Lottie Bernard. Ba ta da lafiya, tana ta cewa ɗan'uwanta likita yana tafe, amma ba wanda ya zo. Ranar 29 aka tsinci gawarta a kan matakalar waje, da harbin bindiga a ka. Binciken hukuma ya ce ita ta kashe kanta, daga baya wasu suka yi zargin kisa ne. Sai bayan mutuwarta aka gano sunanta Kate Morgan.

Tun daga nan baƙi ke ba da labarin fatalwarta. Ɗakinta, mai lamba 302 a lokacin, daga baya 3327, an ce fitila kan yi ta kyaftawa a ciki, talabijin ya kunna kansa, iska mai sanyi ta ratsa alhali taga a rufe. A kantin tsarabar otal ɗin ma an ce kaya kan faɗo daga kanta. Ni dai ban yarda mamaci na dawowa ba. Abin da ya tsaya mini a rai jiran da ta yi ita kaɗai, a wurin da kowa ya zo shaƙatawa. Wani abokin koyo ya ce in liƙa 'yar tsana ta auduga a matakalar don jan ido, na ce a'a, mutum ce, tana da kabari a maƙabartar Mount Hope.

Matakalar da siraran kwali zan jera ta, hawa-hawa. Rairayin kuma sai an tankaɗe shi kafin a barbaɗa a kan gam. Wanda ya san yadda ake hana jan fenti nasowa cikin fari a bakin rufi, don Allah ya taimaka mini kafin in ɗauki buroshi.