Na je kai wa Gwaggo kuɗin gyaran ɗaki, na tarar da gari cikin gayya

Sati biyu kafin Sallar Layya na kama hanya daga Damagaram zuwa garinmu, can bayan Bande kafin a kai Magarya, don in kai wa Gwaggo ɗan abin da muka harhaɗa mu 'ya'yan ɗan'uwanta ta gyara ɗakinta da ruwan bara ya cinye wa gindi. Tun da sassafe nake tasha amma motar ba ta tashi ba sai wajen ƙarfe tara, kun dai san hali, kamasho na ta ihun saura mutum ɗaya, mutum ɗayan nan har biyar muka ƙirga.

Kan hanyata ta zuwa tasha ɗan kabu-kabu ya bi da ni ta Birni, muka wuce ta inda tsohon masallacin nan yake, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19 ruwa ya kayar da shi ranar 3 ga Satumban 2024. Har yanzu in na wuce wurin sai gabana ya faɗi. Daminar nan ta 2024 ba wasa ba ce, a faɗin Nijar mutum sama da 300 suka rasu, wanda abin ya shafa sun haura miliyan ɗaya, har komawa lakwal sai da gwamnati ta ɗaga zuwa 28 ga Oktoba don azuzuwa da yawa mutane ne a ciki da tabarminsu da tukwanensu.

Hanya dai lafiya lau, zafi ne kawai kamar a gasa mutum. Daga Dogo zuwa gaba ido ba ya gajiya da kallon gawo cikin gonaki, ga shi kore shar alhali komai ya bushe, shi da ma sai damina ta kama yake zubar da ganye ya bar wa hatsi rana. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce lokacin ƙuruciyarsa wurin nan fili ne fetal, su da kansu suka daina sare tohon in ana sassabe. A Bande na sauka na sayi rake, na hau mashin muka yanki rairayi.

Ni a zatona zan iske gari shiru kowa na gindin bishiya yana fifita, sai na ji ganga tun daga bakin tafki. Samari ne wajen talatin da shebur da kwando da baro suna yashe hanyar ruwan da ta ratsa tsakiyar gari ta gangara tafki, wasu na cika tsofaffin buhunan taki da yashi suna jerawa a bayan gidajen da ke gangare. Kawuna na tsaye da hula a karkace yana nuni da sanda. Na durƙusa na gaishe shi, ko gajiya bai tambaye ni ba ya ce ɗan birni ajiye jakarka ka kama kwando. Kwando bakwai na ɗauka wallahi, na takwas na ce zan je in gaida Gwaggo.

Da la'asar na bi Kawu zauren mai gari, ashe zaman kwamiti ake yi. A takardun Faransanci SCAP-RU ake ce masa, su mutanen gari kwamitin gargaɗi kawai suke cewa, kuma akwai irinsa a garuruwa da dama na ƙasar nan, suna tattara labarin halin da ake ciki su aika wa ma'aikatar magajin gari. Akwai mai gari, liman, mushe malamin lakwal, ungozoma, wani Bafulatani daga rugar da ke gefen gari, da mata biyu na asusu. Mushe ne mai riƙe da kaye, wato littafin rubutu, kayen duk ya sha hannu ya yi baƙi. Na karɓa na duba, abin ya ba ni mamaki, ba wani dogon turanci a ciki, farashin tiyar hatsi ne kasuwa bayan kasuwa, da yaran da gudawa ta kama, da rijiyar da ta ƙafe, da gidajen da suka fara cin abinci sau ɗaya. A shafin ƙarshe sunayen gidaje ne da aka ja wa layi, su ne waɗanda in ruwa ya kwana yana zuba za a fara ƙwanƙwasa wa ƙofa, tsofaffi da masu jego da makafi, kowane gida an rubuta saurayin da zai je ya ɗauko su ya kai su lakwal da ke kan tudu. Sunan Gwaggo na uku.

A harabar lakwal ɗin akwai ma'aunin ruwan sama daure a jikin ƙarfe, a bakin tafki kuma sun kafa turke sun shafa masa fenti gida uku, in ruwa ya taɓa jan to mai shela zai fita, ladan ma zai faɗa a lasifika ko da tsakar dare ne. Sanarwar ma'aikatar hasashen yanayi a rediyo suke ji, wani lokaci ta WhatsApp, amma Bafulatanin nan ya ce shi tururuwa da iskar gabas ba su taɓa yi masa ƙarya ba, aka yi dariya, mushe ya ce to a rubuta duka biyun.

Kada ku ɗauka komai sumul yake tafiya. Rabin zaman nan rigima ce, don hanyar ruwan da suke son faɗaɗawa sai ta ci gefen gonar wani, shi kuma ya rantse ko taku ɗaya ba zai bari ba. Mai gari ya yi ta lallashi, liman ya jawo aya, a ƙarshe wata daga cikin matan ce ta ce ranka ya daɗe a bar mana shi, matarsa 'yar asusunmu ce. Washegari da safe na ga an ci gaba da haƙa ta gefen gonar.

Matan nan su suka fi burge ni gaskiya. Asusunsu irin na Mata Masu Dubara ne, wanda aka fara a Maraɗi tun 1991, kowane sati ana zubi, amma bana sun ware akwati na biyu na ko-ta-kwana, daga ciki suka sayi leda mai kauri ta rufe soro da sabulu da maganin tsabtace ruwan sha. Banda wannan akwai rumbun gari da kowane gida ya zuba tiya tun kaka.

Na tambayi Kawu, yanzu duk wannan ba wani furoje da ya sa hannu? Ya ce shekarun baya an zo an yi musu horo na 'yan kwanaki an ba su kayen farko, shi ke nan. Bara kuwa da gidaje suka faɗi taimako ya zo, ba ya raina shi, barguna da shinkafa da bokiti, amma sai da aka yi makonni ana kwana a aji. Ya ce da kuɗin man motocin da suka yi ta zuwa ƙirga mu aka ba mu tun watan biyar, da siminti muka saya muka ɗaure bakin kwalbatin can. Ban iya ce masa komai ba, don ni ma a birni sai ruwa ya shigo ɗaki nake tuna kwatar ƙofar gidanmu a toshe take.

Gwaggo kuwa da na miƙa mata kuɗin ta ƙirga sau biyu, ta ce ɗan nan ai an riga ku, samari sun yi mata yaɓe tun satin jiya sun sa sabon indararo, fura kawai ta dama musu. Ta cire jaka biyar ta ƙulle a bakin zane ta ce wannan na akwati na biyu ne, sauran za ta sayi akuya. Na ce Gwaggo kwano fa muka ce ki saya. Ta ce kwanon zai ba ta nono?

Kwana biyu na yi. Ranar da zan dawo hadari ya haɗu ta gabas, iska ta taso da jar ƙura, ɗan mashin na cewa in yi sauri kada ƙorama ta tare mu, ni kuma ina ta waige ina kallon mushe ya fito da gudu riƙe da hularsa yana zubar da yashin da ya taru cikin ma'aunin.