Sawakin da dutsen da ke da rai

Duk gidan da kakanni suka yi aikin Hajji da ƙafa, ta Barno da Wadai da Darfur, an san sunan Sawakin. A nan tudu yake ƙarewa, mahajjaci ya zauna jiran jirgin da zai tsallaka da shi Bahar Maliya zuwa Jidda. Da yawa guzuri ya ƙare musu suka yada zango, shi ya sa har gobe in ka yi sallama da Hausa a kasuwar Bur Sudan ba za ka rasa mai amsawa ba.

Lokacin da nake karatu a Khartoum, kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wani abokina daga cikin Hausawan Bur Sudan ya ja ni gidansu hutu, muka gangara Sawakin, tafiyar kimanin kilomita 60 ta kudu. Tsohon garin ɗan tsibiri ne kewayayye, kuma yawancinsa kango ne. Benaye masu hawa biyu da uku sun zube, in ban da masallatan da Turkawa suka gyara. Na tsinci ɓallin bango na juya shi a hannu. Ba shi da nauyi sosai, jikinsa duk 'yan ramuka ne a jere kamar saƙar zuma. Murjani ne. Daga cikin teku magina suka sassaro shi suka gina gari guda, yadda aka gina tsohuwar Jidda a ɗaya gaɓar. Kuma shi ɗin ne ya taimaka wajen kashe garin: ya matse mashigar tashar, manyan jiragen tururi suka kasa shiga da sauƙi, sai Turawan Ingila suka fara gina Bur Sudan a 1905. Fatake suka kwashe suka koma can, aka bar bango ba yaɓe, iskar gishiri ta ƙarasa aikin.

Kawun abokin nawa masunci ne, shi ya fita da mu a kwalekwalensa mai inji don in ga murjanin mai rai. Ya miƙo mini gilashin ninkaya ya ce, "Ɗana, ka leƙa yadda kake so, amma kada ƙafarka ta taɓa. Zai yanke ka, kai ma ka kashe shi."

Kowane ramin nan da na gani a bangon Sawakin ashe ɗakin wata 'yar halitta ce, mai baki ɗaya a tsakiya da 'yan hannaye kewaye da shi. Tana tsotso sinadarin alli daga ruwa tana gina ƙashi a ƙarƙashinta, 'ya'ya su hau kan ginin iyaye, shekara ɗaruruwa, har ya zama tudu. A cikin namanta akwai gansakuka ƙanana da ido ba ya gani, su ke dafa mata yawancin abincinta da hasken rana, su ne kuma ke ba ta launi. Saboda haka dole ruwa ya zama garau. Bahar Maliya ta yi sa'a, babu babban kogi mai gudu duk shekara da ke zuba mata laka. Namu na gaɓar Legas kuwa, da Neja da sauran koguna ke ta kwararo masa taɓo, ba ya raya irin waɗannan tuddai.

Masana sun ƙirga nau'in murjani mai ƙashi wajen 300 a wannan teku, da kifi fiye da nau'i 1,000. Ni dai abin da ya riƙe ni shi ne wata 'yar uwar murjani da ake kira animoni. Ita ba ta gina ƙashi, nama ce zalla manne a dutse, hannayenta dogaye suna kaɗawa da igiyar ruwa, kowanne ɗauke da dafi. Kifin da ya gifta ta harbe shi ta kai baki. Amma ga wasu 'yan kifaye ruwan lemo masu farin zane biyu suna birgima a tsakiyarta hankali kwance, don yauƙin jikinsu yana hana ta harbinsu. Da na matso, babbar cikinsu, wadda ba ta kai tafin hannuna ba, ta fito ta tsaya mini a gaban gilashi tana neman faɗa. Ita ce uwar gida. Dukansu maza ake ƙyanƙyashe su, wanda ya fi girma ya rikiɗe ya zama mace, in ta mutu mijin ya gaje ta ya zama macen. Da na gaya wa Kawu, dariya ya yi ya ce Allah Ya kyauta.

A takarda, wurin yana da kariya. Sanganeb, tudun murjani mai hasumiyar fitila da ke kimanin kilomita 25 daga gaɓa, an killace shi tun 1990, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya tare da Dungonab da tsibirin Mukkawar can arewa, inda ake samun kunkurun teku da ayun teku. Babbar barazana ita ce zafi. In ruwa ya ɗara zafin da ya saba da digiri ɗaya kacal na tsawon makonni, murjani ya kori gansakukan nan, ya yi fari fat, yunwa ta fara cinsa. Animoni ma haka take yi. An ga wannan a faɗin duniya a 1998 da 2010, da tsakanin 2014 da 2017, sannan a Afrilun 2024 hukumar NOAA ta Amurka, mai lura da teku da yanayi, ta sanar da karo na huɗu. Murjanin can ƙuryar arewa, wajen Aƙaba, an gano ya fi jure zafi, amma na kudu ba shi da wannan gatan.

Zafin duniya ya fi ƙarfin Kawu. Abin da ke hannun mutanen gaɓa ƙanana ne, kuma a ganina an fi raina su: anga da ake jefawa kan murjani maimakon kan yashi, leda, ruwan kwata, da ɓallin murjanin da yara ke tallar sa a bakin teku don baƙi irina su kai gida tsaraba. Kawu sai ya zagaya ya nemo farin yashi kafin ya saki anga, ba don wata doka ba. Najil, jan kifin da ya fi kawo masa kuɗi, a cikin ramukan murjani yake ɓuya. Yaƙi ya mayar da Bur Sudan mazaunin gwamnati a 2023, masu gudun hijira suka cika gari, kuma duk abin da garin ya zubar teku yake nufa.

Da na dawo Kano nake ba Inna labari, sai ta ciro tsohuwar sarƙar murjaninta ta aure ta ce, to wannan fa? Shi ma ƙashin halitta ne, amma wani nau'i dabam, ja, daga Bahar Rum, mai girma a hankali ƙwarai cikin duhun ruwa. Ta Sahara fatake suke shigo da shi a da. Yawancin wanda ake sayarwa a kasuwa yanzu roba ne ko gilashi. Inna tana ganin hakan lalacewar zamani ce, ni kuwa ban ga laifin robar ba.