Dashi da amya a bakin gonar da giwa ke ratsawa

Mu mazauna birnin Kaduna mun fi sanin giwa a tatsuniya da kirarin sarakuna, amma dattawan ƙasar Birnin Gwari sun san ta a matsayin maƙwabciya, domin dajin Kamuku, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, yana cikin tsofaffin wuraren kiwonta. A yau manoman kewayen Yankari a Jihar Bauchi, da na Kala Balge a Borno inda garkuna ke tsallakowa daga Kamaru, su ne ke kwana a gona da ganguna da wuta. Babbar giwa tana iya cin abincin da ya kai kilo 150 a rana, don haka garke ɗaya yana iya share gonar dawa kafin asuba.

Duk sanda na ji an ce a dasa itatuwa don kare gona, sai in tambaya wane irin itace ake nufi. Ƙarfin itace ba ya tare giwa, domin tana ɓare bawon kuka, tana girgiza gawo don 'ya'yansa su zubo, kuma tana bin aduwa da danya da mangwaro tun daga nesa. Wanda ya jera waɗannan a bakin gonarsa ya shimfiɗa mata tabarma ne kawai.

Abin da ya fi gamsar da ni ya fito ne daga Kenya, inda wata mai binciken giwa, Dakta Lucy King, ta gwada shingen ƙudan zuma a ƙauyukan da ke maƙwabtaka da gandun dajin Tsavo. Ana rataya gidajen zuma a tazarar kamar mita 10, a haɗa su da waya ɗaya, ta yadda idan giwa ta tunkuɗi wayar sai gidajen su girgiza, ƙudan su fito su harbe ta a cikin hanci da gefen ido, inda kaurin fata bai kai ba. Binciken ya nuna cewa shingen yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na giwayen da suka tunkaro shi. Turakun da manoman can suke kafawa kuwa sau da yawa dangin dashi ne, itacen da kakanninmu ke yin shinge da shi: a sare reshe, a kafa shi gab da faɗuwar damina, ya yi saiwa ya tofo, maimakon busasshen turke da gara za ta cinye.

Ke nan muna da dashi, muna kuma da masu saƙa amya da suka gaji sana'ar, sai dai su sauko da ita daga ƙololuwar itace zuwa daidai ƙirjin giwa. Matsalar ita ce rani, lokacin da zuma ke ƙaurace wa amya idan ta rasa ruwa da fure. A nan ne ɗorawa da kaɗanya, waɗanda ke fure a cikin rani, suke da amfani, tare da kaskon ruwa a gindin kowane turke, wanda dole a riƙa cika shi har ruwan sama ya sauka.